Ruwan Ƙarshen Damina da Makomar Harawa: Girbi, Inganci da Farashi a Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan takarda ta duba abin da ruwan sama ke yi wa harawar wake, harawar gyaɗa da busasshiyar ciyawa a Arewacin Najeriya da Kudancin Nijar, tun daga ranar yanka har zuwa ranar da dami ya isa kasuwa. Abin da take son tabbatarwa shi ne, jimillar ruwan damina ba ta isa ta nuna yawan abincin da dabbobi za su samu da rani ba. Makonni biyu ko uku na shanya, tsakanin tsakiyar Satumba da ƙarshen Oktoba, su ne ke raba shekarar harawa mai kyau da shekarar asara, kuma su ne lissafin hukumomi ya fi tsallakewa.

Gabatarwa

Matafiyin da ya bi hanyar Kano zuwa Daura, ko Maraɗi zuwa Tasawa, a watan Nuwamba zai ga damman harawa a kan rufin ɗakuna, a kan rumfuna, da tsakanin rassan itatuwa inda akuya ba ta kai. Wannan ajiya ita ce za ta riƙe ragon turke, saniyar tatsa, shanun huɗa da jakin gida har ciyawa ta sake fitowa a watan Yuni ko Yuli. Tazarar takan kai wata takwas zuwa tara. A Nijar, ma'aikatar kiwo tana lissafta cewa saniya mai nauyin kilo 250 na buƙatar kilo 6.25 na busasshen abinci a kowace rana, wato kusan tan 1.7 kafin rani ya wuce. Ragon da ake turkewa kuwa yakan ci kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Masana da hukumomi sun saba kallon matsalar abincin dabbobi ta fuskar fari, kuma suna da hujja. Farin 1972 zuwa 1973 da na 1983 zuwa 1984 sun kashe garkuna masu yawa a yankin Sahel, kuma bayan daminar 2009 Nijar ta bayyana giɓin abincin dabbobi na kusan tan miliyan 16. Sai dai tun daga shekarun 1990 ruwa ya dawo, kuma ya dawo da wata irin ɗabi'a. Wani bincike da Christopher Taylor da abokan aikinsa suka buga a mujallar Nature a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan Adam na shekara 35, ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. Ambaliyar 2022 ta kashe fiye da mutum 600 a Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. A 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta shafe wani ɓangare na Maiduguri a ranar 10 ga Satumba, a Nijar kuma ruwa ya kashe fiye da mutum 300, har gwamnati ta ɗage komawar makarantu zuwa ƙarshen Oktoba. A irin waɗannan shekaru ana ƙirga gidajen da suka rushe da kadadar shinkafa da masarar da ruwa ya cinye. Harawar da ta ruɓe a gona ba ta shiga rahoton kowa, alhali asararta za ta bayyana wata shida bayan haka, a jikin dabbobi da aljihun masu kiwo.

Abin da ake yanka da lokacin yankansa

Busasshen abincin dabba a ƙasar Hausa ba iri ɗaya ba ne. Akwai karan dawa da na gero da karmami, masu cika ciki amma furotin ɗinsu bai fi kashi 3 zuwa 5 cikin 100 ba. Akwai ciyawar daji irin su kyasuwa, harƙiya da burburwa, waɗanda ake yanka da lauje a busar. Sannan akwai harawar wake da ta gyaɗa, waɗanda idan sun bushe da ganyensu sukan ɗauki furotin kashi 10 zuwa 17 cikin 100. Muhimmancin wannan bambanci yana cikin tumbin dabba. Ƙwayoyin halittar da ke narkar da abinci a tumbin saniya ko tunkiya suna buƙatar furotin wajen kashi 7 cikin 100 kafin su yi aiki sosai. Idan abincin ya gaza haka, dabbar takan rage ci, ta riƙa ramewa alhali kara na gabanta. Hannu biyu na harawa mai kyau a kan kara shi ke sa karan ya amfane ta, shi ya sa ake saye da sayar da harawa kamar hatsi.

Manomin dā ya daidaita aikinsa da ɗaukewar ruwa. A Zariya, inda ake samun kimanin milimita 1,000 a shekara, damina takan kai Oktoba. A Kano takan tsaya wajen ƙarshen Satumba, a Maraɗi da Damagaram kuma, inda ruwan bai fi milimita 400 zuwa 500 ba, takan riga haka. Waken gargajiya irin su Kanannado ba ya fure sai yini ya fara gajarta, saboda haka yakan yi ta yaɗo a ƙarƙashin dawa duk tsawon marka, ya yi 'ya'ya a Oktoba, a yi roro a yanke harawar a Nuwamba lokacin da iskar hunturu ta fara kaɗawa. Irin wannan wake ba ya ba da ƙwaya mai yawa, amma harawarsa kusan ba ta taɓa haɗuwa da ruwa.

A nan ne ci gaban kimiyya ya zo da matsalar da ba a yi tsammani ba. Bayan shekarun fari, da annobar cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 wadda ta lalata gonaki masu yawa a Arewacin Najeriya, masu binciken iri a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da IITA, da ICRISAT, da INRAN a Nijar, sun duƙufa wajen samar da iri mai saurin nuna, wanda zai tsere wa ɗaukewar ruwa da wuri. Sun yi nasara. Akwai waken da ke nuna cikin kwana 60 zuwa 75. Gyaɗar SAMNUT 24 da aka fitar a 2011 tana nuna cikin kwana 80 zuwa 90, yayin da SAMNUT 21 da SAMNUT 22 ke ɗaukar wajen kwana 115 zuwa 120. Lissafin mai sauƙi ne: gyaɗar kwana 85 da aka shuka a tsakiyar Yuni za a cire ta a farkon Satumba, ruwa na tsaka da sauka. A shekarar da damina ta gajarta, wannan iri shi ne ke ceton gida. A shekarar da ta yi tsawo, manomi zai tsinke gyaɗarsa da ƙyar, harawar kuma ya bar wa ruwa. Ba laifin masu binciken ba ne, domin tashar IITA ta Kano, a zamanin mai binciken wake B. B. Singh, ta yi aiki sosai a kan waken da ke ba da ƙwaya da harawa tare. Amma a ganin mai wannan takarda, an fi auna yawan harawar da iri ke bayarwa a filin gwaji fiye da yawan wadda ke isa kan rumfa lafiya.

Tun kafin a kai ga yanka ma, laima tana yin nata ɓarnar. Cututtukan ɗigon ganye da tsatsar gyaɗa suna bunƙasa ne idan ganye ya daɗe a jiƙe. Sukan kakkaɓe ganyen ƙasa tun gyaɗar na tsaye, ta yadda ranar cira abin da ya rage kusan tsirara ne. Gonar da ruwa ya kwanta a cikinta kuwa, harawarta takan fito da laka da yashi, dabbobi su shinshina su juya. Ita ma ciyawar daji haka: idan marka ta hana yanka a kan kari, kyasuwa takan fitar da kai ta yi tauri, furotin ɗinta ya sauka, a samu dami mai girma marar amfani.

Abin da ruwa ke yi wa abin da aka shanya

Ɗanyar harawa kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na nauyinta ruwa ne. Kafin a ajiye ta ba tare da fargaba ba, sai danshin ya sauka ƙasa da kashi 15 zuwa 20. Da rana mai ƙarfi da busasshiyar iska, kwana uku zuwa biyar sun wadatar. Da sararin sama a lulluɓe da ƙasa a jiƙe, mako biyu ma ba lallai ya isa ba, kuma a kowace rana ta jinkiri ana asara ta hanyoyi dabam-dabam.

Tsiron da aka yanke ba ya mutuwa nan take. Yana ci gaba da numfashi, yana ƙona sukarin da ke jikinsa, har sai danshinsa ya sauka zuwa wajen kashi 40. Duk tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya kai nan, ƙarfin da ya kamata ya tafi jikin rago ne ke tafiya iska. Idan ruwa ya sauka a kansa, yakan wanke sukari da gishirin ma'adinai da wani ɓangare na furotin, ya bar zare mai wuyar narkewa. Binciken da aka yi a kan ciyawar alfalfa a Amurka ya nuna abubuwa biyu da suka saɓa wa tunanin mutane da yawa. Na farko, ruwan da ya sami ciyawa jim kaɗan bayan yanka bai kai ɓarnar wanda ya same ta tana dab da bushewa ba, domin a lokacin nan ƙwayoyin jikinta sun riga sun mutu, ba sa iya riƙe abin da ke cikinsu. Na biyu, yayyafi mai tsawo ya fi ruwa mai ƙarfi na ɗan lokaci wanke amfanin. Ke nan ruwan bankwana na Oktoba, wanda ba ya rushe katanga kuma ba ya shiga labarai, yana iya fin ambaliyar Agusta cutar da harawa.

Babbar asarar ita ce ta ganye. A jinsin wake da gyaɗa, ganye ya ninka kara furotin, wani lokaci fiye da ninki. Harawar da ta jiƙe ta bushe, ta sake jiƙewa ta sake bushewa, hannun ganyenta yakan yi rauni. Ana juya ta, ana naɗe ta, ana ɗora ta a amalanke, ganye na zuba a kowane mataki. Abin da zai isa gida yana nan da siffar dami, amma mafi yawan amfaninsa ya tsaya a kan kunya.

Manomi kuwa yana cikin tsaka mai wuya. Idan ya bar gyaɗa a ƙasa yana jiran ruwa ya ɗauke, irin da ba ya jinkirin tsiro zai tsira a cikin ɓawonsa, kuma jijiyoyin da ke riƙe ƙwanso za su ruɓe, rabi ya tsaya a ƙasa. Idan ya bar wake, ƙwanson zai yi baƙi ko ya fashe. Dole ya bi ƙwaya, domin ita ce abinci da kuɗin hannu. Kuma lokacin ya zo daidai da girbin gero da na masara, lokacin da ɗan ƙwadago ke tsada. Harawa ce kullum ke jiran layi.

Funfuna, zafi da lafiyar dabba

Wanda ya gaji da jira ya tattara harawa da sauran danshi ya tara ta wuri ɗaya, ya buɗe wata ƙofar. Funfuna da ƙwayoyin bakteriya sukan kama aiki a tsakiyar tarin, zafi ya tashi. Idan ya wuce digiri 55 a ma'aunin Salsiyos, sukari da furotin sukan haɗu su ƙulle, harawar ta koma ruwan ƙasa, ta riƙa ƙamshi mai kama da na taba. Abin mamaki, dabbobi suna son irin wannan, suna cinye ta tas, mai kiwo ya ɗauka ya yi dace, alhali furotin ɗin ya zama wanda ciki ba ya iya narkarwa. Idan zafin ya haura digiri 70, babban tari yana iya kamawa da wuta da kansa. A Turai da Amurka, inda ake danne ciyawa da inji a jibge ta a manyan ɗakuna, wannan sananniyar hanyar gobara ce. A nan ƙananan dammai da iska ke ratsawa sun rage haɗarin, amma masu gonakin kiwo na zamani da suka fara sayen injin ɗaure ciyawa ya kamata su san da shi.

Tarihin likitancin dabbobi yana da darussa a kan ciyawar da ta yi funfuna. A shekarun 1920, shanu a arewacin Amurka da Kanada suka riƙa mutuwa da zubar jinin da ba ya tsayawa. Wani likitan dabbobi, Frank Schofield, ya gano cewa abin yana da nasaba da wata ciyawa mai suna Melilotus da aka ajiye da danshi. Daga baya Karl Paul Link na Jami'ar Wisconsin da ɗalibansa suka ware sinadarin da funfunar ke haifarwa, kuma daga wannan aiki aka samu warfarin, wanda ya fito a matsayin gubar ɓera a 1948, sannan ya zama maganin hana daskarewar jini da asibitoci ke bayarwa har yau. A Ingila kuma, a 1932, wani likita ya bayyana ciwon huhu da ke kama manoman da suka shaƙi ƙurar ciyawa mai funfuna bayan wata damina mai yawan ruwa. Ba a noman Melilotus a ƙasar Hausa, amma ƙurar funfuna iri ɗaya ce a ko'ina, kuma mata da yara ne suka fi kwance dami a cikin ƙuntataccen garke.

Abin da ya fi shafar wannan yanki kai tsaye shi ne aflatoksin, gubar da funfunar Aspergillus flavus ke fitarwa. An gano ta ne bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin tunkuzar gyaɗar da aka kai daga Burazil. Gubar tana kama gyaɗa ta hanya biyu: fari a ƙarshen damina yana buɗe mata hanya tun a cikin ƙasa, shanya cikin laima kuma yana ba ta damar yaɗuwa bayan cira. Harawar gyaɗa ba ta rasa ƙananan ƙwanso a maƙale, waɗanda su ne suka fi ɗaukar gubar. Saniyar da ta ci, wani kaso na gubar yakan fita a nononta. Don haka maganar ta wuce ta ramar dabba, ta shiga ƙwaryar fura da nono.

Yadda kasuwa ke amsawa

A kowace shekara farashin harawa yana da tafiyar da aka sani: araha da kaka, hawa a hankali cikin hunturu, tsada mai tsanani da bazara, inda yakan ninka ko ya wuce haka. Wani binciken cibiyoyin ILRI da IITA da aka buga a 2017 ya samu cewa a kasuwannin Arewacin Najeriya harawar gyaɗa ta fi ta wake tsada, abin da ya yi daidai da fifikonta a gwajin inganci. Wato masu saye sun san abin da suke nema. Dillali a Wudil ko Maigatari, ko mai saye a bakin titi a Yamai, zai duba kore, ya duba yawan ganye, ya tura hannu tsakiyar dami, ya shinshina.

Shekarar ruwa tana ɓata wannan tsari ta hanyar da ke ruɗar mai kallo daga nesa. Da kaka farashi yakan yi kamar ya faɗi. Daji na nan kore, makiyaya ba su matsu ba, manoman da ruwa ya ci amfaninsu suna neman kuɗin gaggawa, kuma wanda ya san harawarsa ta sha ruwa yana so ya rabu da ita kafin ta yi baƙi. Wanda ya ɗauki farashin Nuwamba ya rubuta rahoto zai ce abinci ya wadata. Amma a cikin wannan araha akwai kaya iri biyu da tazararsu ke ƙara faɗi: koriyar harawa mai ganye, wadda ta yi ƙaranci kuma masu ɗakin ajiya suke kwashewa da wuri, da baƙar harawa mai yawan kara, wadda ta cika kasuwa.

Daga Fabrairu gaskiya take fitowa. Busasshiyar ciyawar da ke tsaye a daji, wadda ruwan Oktoba ya daka, ta kwanta ta ruɓe, gara ta ci. Inda ta tsira, yawanta ya zama makamashin gobarar daji, shi ya sa a Nijar ake fi matsa ƙaimi wajen share hanyoyin tare wuta bayan damina mai albarka. Masu turke da suka sayi baƙar harawa suna ganin ragunansu ba sa ɗaukar jiki, sai su koma ga dusa, kowa, angurya da tunkuza, farashin waɗannan ma ya tashi. Tun da dami ake sayarwa ba a kan sikeli ba, mai sayarwa yana da hanyar ƙara kuɗi ba tare da ya faɗa ba: ya rage girman damin. Wannan na cikin dalilan da suka sa bibiyar farashin harawa ke da wuya, domin damin Nuwamba da na Mayu suna ɗaya ne kawai.

Sufuri ma yana da nasa kaso. Harawa kaya ce mai cika mota ba nauyi, don haka kuɗin ɗauko ta babban ɓangare ne na farashinta a birni. Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a ranar 29 ga Mayun 2023, nisan da ake iya kai dami a ci riba ya ragu. Idan aka haɗa da gadoji da hanyoyin karkara da ambaliya ke yankewa, sai a ga ƙauye yana da rarar da ba ta da mai saye, birnin da ke kusa kuma yana kuka da tsada.

Akwai kuma kalandar Musulunci, wadda ba kasafai ake sa ta a lissafin kiwo ba. Babbar Sallah tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2012 an yi ta ranar 26 ga Oktoba, a 2020 ranar 31 ga Yuli. A waɗancan shekaru ragon layya ya yi ƙiba ne da ɗanyar ciyawar damina, wadda yaro zai yanko a bayan gari. A 2024 ta faɗo ranar 16 ga Yuni, a 2025 kuma a makon farko na Yuni. A irin waɗannan shekaru watannin turke su ne Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da babu ko tsinken kore, kuma duk abin da rago zai ci daga ajiyar kaka zai fito. Sallah za ta ci gaba da ja baya cikin bazara da rani har tsawon shekaru fiye da goma masu zuwa. Ma'ana, ruwan da ya sauka a kan shanya a Oktoba zai riƙa bayyana a farashin ragon layya fiye da yadda aka gani a shekarun baya.

Abin da ya faru a Ayalan

Ƙasar Ayalan, maƙwabciyar Birtaniya, ba ta san fari irin na Sahel ba, ciyawa ce arzikinta. Duk da haka ta shiga matsalar abincin dabbobi a 2013. Ruwa ya yi yawa a lokacin yankan ciyawa na 2012, abin da aka ajiye ya yi kaɗan kuma ba shi da inganci, filaye suka jiƙe har aka shigar da shanu ɗaki da wuri, sannan sanyi ya ƙi tafiya a farkon 2013. Zuwa Afrilu rumbuna sun ƙare. Sai da aka shigo da ciyawa ta jirgin ruwa daga Birtaniya da Faransa, gwamnati ta biya tallafin sufuri. Hakan ya sake faruwa a 2018. Wannan ƙasa ce da mafi yawan manomanta suka daɗe da komawa ga adana ɗanyar ciyawa a rami ko cikin leda, inda take tsami ba tare da iska ba, don kauce wa dogaro da rana. Abin lura a nan shi ne tazarar da ke tsakanin sanadi da sakamako: wata tara zuwa goma. Da an auna ingancin abin da ke rumbu tun farkon sanyi, da an ga matsalar tana tafe.

Inda gyara zai yiwu

Gyara mafi araha shi ne raba harawa da ƙasa. Manoman Norway da Sulobeniya, waɗanda ruwa ke damu a lokacin yanka, sun daɗe suna rataye ciyawa a kan waya ko katako mai ɗan rufi, iska na ratsa ta, ruwa na zarcewa. Manomin Hausa ya riga ya san hikimar, tun da yana ɗora dami a kan rumfa da itace, sai dai yana yin haka ne bayan bushewa. Abin da ya rage shi ne a kai dabarar cikin gona: sanduna uku da aka haɗa kansu, ko 'yar rumfa mai tsawon gwiwa, a jingina ɗanyar harawa a kai. Ga gyaɗa, kifa ta bayan cira, ƙwanso sama ganye ƙasa, yana saurin busar da ƙwaya kuma yana rage aflatoksin, kodayake ganyen da ke taɓa jiƙaƙƙiyar ƙasa yana biyan kuɗin hakan. Tamfol ko leda na da amfani idan an rufe saman tari kawai lokacin hadari aka buɗe da ya wuce. Wanda ya lulluɓe ɗanyar harawa ruf ya bar ta, ya dafa ta ne.

Ajiyar kan rufi ma tana da nata aibin. Rana tana ƙone koren saman dami tare da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, iskar hunturu na kakkaɓe ganye, sannan ruwan farko na Afrilu ko Mayu yakan sami ragowar a daidai lokacin da ta fi daraja. Masu daka harawar gyaɗa su dura a buhu su sa a ɗaki sun fi tsira da ganyensu, muddin ta bushe sarai kafin durawa. Buhun PICS da Jami'ar Purdue ta yaɗa tun daga 2007 ya sauya yadda ake ajiye ƙwayar wake a wannan yanki. Harawar wake ba ta sami irin wannan kulawa ba, ko daga masu bincike ko daga masu ba da bashi, alhali rumfar kwano ta ƙungiyar manoma ba ta kai tsadar rijiyar burtsatse ba.

A ɓangaren iri, shawarar ita ce kada gida ya dogara da nau'i ɗaya. Mai saurin nuna don abinci da kuɗin farko, mai jinkiri don harawa. Inda ƙasa da ruwa suka ba da dama, ana iya jinkirta shukar wake zuwa ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, yadda zai nuna bayan ruwa ya ɗauke, kamar yadda manoman yankin Zariya da dama ke yi a bayan masara. Ya kamata kuma takardar da ke rakiyar sabon iri ta faɗi lokacin shukar da zai sa girbi ya faɗo a rani, ga mai son harawa.

Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da ranar da ake sa ran ruwa zai ɗauke a kowane yanki, kuma ana fassara shi zuwa Hausa. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tana yin irin wannan ga ƙasashen Sahel. Amma hankalin gidajen rediyo da malaman gona yana kan ranar faɗuwar ruwa, saboda shuka. Mai shanya yana buƙatar wani abu dabam: a gaya masa a Satumba da Oktoba ko kwana biyar masu zuwa za su yi rana. Hasashen gajeren zango irin wannan ana yin sa, isar da shi ga mai lauje ne ya rage. Haka nan lissafin abincin dabbobi da Nijar ke yi a ƙarshen kowace damina yana auna nauyin ciyawar da ke tsaye da ragowar amfanin gona, wanda a shekarar ruwa zai iya nuna rara alhali ingancin ya zube. Ƙara gwajin furotin da na funfuna a kan samfurin da aka ɗebo daga rumfuna da kasuwanni a watan Disamba zai gyara wannan, kuma cibiyar NAPRI da ke Shika da INRAN suna da ɗakunan gwajin da za su iya. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo da Najeriya ta kafa a 2024 za ta iya farawa da kasuwanni kaɗan, a riƙa auna dami a sikeli ana rubuta farashin kilo, kore dabam, baƙa dabam, daga Nuwamba zuwa Yuni.